'Yar Amanar Odile Ngom

Duk wanda ya tashi a Sambel ya san Odile Ngom, in bai san ta da komai ba ya san ta da kafiya. Gajeriya ce kakkaura, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda gishiri, ga murya kamar ta mai kiran kwalekwale daga wancan hayi. A gidan Katolika aka haife ta, kakanta ma yana cikin waɗanda suka yi dakon duwatsun da aka gina cocin garin da su. Ba ta yi nisa a boko ba. Tana aji huɗu uwarta ta cire ta, ta kai ta ramukan gishiri da ke bayan gari, ta nuna mata wanda zai zama nata. Ta auri Blaise Ndour, masunci mai yawan dariya da son bammi, suka haifi maza uku, ba mace ko ɗaya.

Ramin da ke jikin nata na Tening Sarr ne, wata Musulma da aka auro daga tsibiran kudu. Shekara bakwai suna aiki tare, ruwan gishiri har gwiwa, wannan ta kwaso waccan ta ɗora mata kwando. In azahar ta yi, Tening ta fita ta yi alwala da ruwan daɗin da suke kawowa a jarka, Odile ta riƙe mata goyo. In ƙararrawar coci ta buga sha biyu, Odile ta yi alamar gicciye ta shiga addu'arta, Tening ta yi shiru har ta idar. Ba wanda ya ɗauki wannan abin magana a Sambel, garin da maƙabartarsa ɗaya ce, kuma da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci.

A shekarar da samari suka yi ta cika kwalekwale suna nufar Sifen, mijin Tening, Wagane Basse, ya bi su. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko ta kwalekwalen. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Yande, mai shekara uku. Tening ta yi shekara biyu tana sauraron labari, sannan tari ya kama ta, ta fara ramewa. An kai ta asibiti sau biyu aka dawo da ita. Iyayenta sun rasu tuni, dangin mijinta kuwa saura ƙanensa Birame, wanda ke fama da kansa a ɗaki ɗaya a Kawlak.

Wata la'asar Odile ta kai mata kunu, ta tarar da ita a kishingiɗe a ƙofar ɗaki, yarinyar na wasa da ɓawon katantanwa a gefenta. Tening ta ture ƙwaryar gefe, ta kama hannun Odile.

Ta ce, "Yaya, ke zan bar wa Yande. Amma abu ɗaya nake roƙo. Ubanta da salla ya bar ta, ni ma da salla zan bar ta. Kada ta tashi ba ta san gabas ba."

Odile ta ce mata ta daina irin wannan magana, za ta warke. Tening ta ce ita ba wannan ta tambaya ba. Sai Odile ta ce, "Na ɗauka. Allah ne shaida, Yesu ma yana ji na."

Bayan kwana tara Tening ta rasu. Da aka yi sadakar uku, Odile ta naɗe tabarmar yarinyar da 'yan kayanta, ta goya ta zuwa gida, duk da ta wuce goyo.

Rigimar farko a gidan ta tashi, kuma kan aladu ce. Blaise na da guda biyar a wani ɗan shinge bayan madafa, yana ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Odile ta ce ba za a dafa tukunya biyu a gidanta ba, a ware wa marainiya kwano kamar mai kuturta. Aladu su tashi. Blaise ya ce shi tunda yake bai taɓa jin inda baƙuwa mai shekara biyar ta zo ta kori 'yan gida ba. Ya ce aladun nan sun riga ta zuwa, kuma ba su taɓa yi wa addinin kowa rashin kunya ba. Odile ta bar shi ya gama. Washegari da ya dawo daga teku ya tarar an kora su gidan wansa Pascal a ƙarshen gari, an sa agwagi a shingen, an kuma sauya tukwane. Ya yi kwana uku ba ya mata magana. Daga baya ya zama duk Lahadi bayan sujada sai ya zarce gidan Pascal ya ci abinsa, ya wanke baki da hannu da sabulu kafin ya dawo. Shi ne kuma, mai ƙorafin, ya fara sassaƙa wa Yande ɗan kwalekwalen wasa, yana kiranta sarauniyar da ta yi wa aladunsa juyin mulki.

Da Yande ta cika shekara shida, Odile ta yi mata kitso, ta ɗaura mata kallabi, ta kai ta makarantar Cerno Sileye. Cerno Bafulatani ne daga Futa, dogo siriri, shi ke jan salla a masallacin garin kuma shi ke koya wa yara karatu a ƙarƙashin wata kuka. Tsakanin mutanensa da Sarer, ƙabilar su Odile, akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka da ya hango ta ya ce yau baiwarsa ta tuna da ubangidanta, ina gishirin gaisuwa. Odile ta ce bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa gaisuwa, kuma in ya ci gaba da ramewa haka iskar teku za ta mayar da shi Futa ba kuɗin mota. Suka yi dariya, sannan ta tura yarinyar gabansa ta faɗa masa abin da Tening ta bar mata. Ta ce ita ba ta san ko harafi ɗaya na abin da zai koyar ba, saboda haka in ya yi sakaci ba za ta gane ba, amma Allah zai gane.

Cerno ya daina dariya. Ya ce, "Kin ɗauko kaya, Odile."

Ta ce, "Na saba da kaya. Kai dai riƙe naka ɓangaren."

Kullum da yamma, in ta dawo daga gishiri, sai ta zaunar da Yande kusa da murhu ta ce ta biya abin da aka koya mata. Tana tsinke kifi tana saurare. Ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma kunnenta na mai waƙar coci ne, yau da gobe har sautin ya zauna mata. In yarinyar ta tsallake wani wuri sai ta ɗaga kai ta ce, jiya ba haka kika faɗa ba, koma. Ta koyi lokutan salla da inuwar katangar gidanta. Da Yande ta isa azumi, Odile ke tashi ta ɗumama mata abincin sahur, da yamma kuma ta dama mata kunun gero da kuka. A ɗakin da suke kwana gicciye na rataye a bango, dardumar salla na naɗe a kan akwati.

Ba daga wajen Musulmi matsin ya fara zuwa ba, daga cikin coci ya zo. Ernestine, shugabar zumuntar mata, mace mai kirki da son a ji maganarta, ta tare Odile bayan sujada wata Lahadi. Ta ce mata suna ta magana. Allah ya kawo mata rai har cikin ɗaki, ita kuma ta ɗauka tana kai wa Bafulatani. Yarinya ba uwa ba uba, wa zai hana a yi mata baftisma? Ta ce alkawarin da aka yi wa mai zafin ciwo ba alkawari ba ne, lallashi ne.

Maganar ta tsaya wa Odile a rai, domin ita ma ba sau ɗaya ba ta sha kallon yarinyar tana barci ta ji inda ma a ce tare suke durƙusawa gaban bagadi. Ta yi mako guda tana juya abin, sannan ta je ta sami Fada, limamin cocinsu, a ofishinsa. Ta ce ba izini ta zo nema ba, ta riga ta yanke, tana dai so ta ji ko zunubi take yi. Fada, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tambaye ta me ta yanke. Ta ce ita abin da ta sani a Littafi Mai Tsarki shi ne i ɗinka ya zama i, a'a ɗinka ya zama a'a. Ta ce Basamariyen nan da ya tsinci mutum a hanya, ya ɗaure masa rauni ya kai shi masauki, ba ta ji an ce ya tsaya sai mutumin ya koma addininsa ba. Kuma in ta ci amanar matacciya don ta ƙara wa coci mutum ɗaya, da wane ido Musulmin Sambel za su sake kallon gicciyen da ke wuyanta? Wace uwa za ta sake barin ɗanta ya ci abinci a gidan Kirista?

Fada ya ce shi bai ga zunubi ba. Ya ce ta riƙa yi wa yarinyar addu'a, sauran ta bar wa Mai ita.

Matan zumunta ba su gamsu ba. Shekara uku ba wadda ta roƙi Odile ta zama uwar baftismar ɗanta, ita da a da ake rububinta. A girkin bikin coci aka mayar da ita wankin tukwane. Ta wanke su tas, ta ci gaba da zama a layin gaba tana rera waƙa da muryar nan tata da ke danne ta kowa. Ranar Jumma'a Mai Kyau kuwa, da Kiristoci ke dama ngalah, kunun gero da gyaɗa da kuka, suna aika wa maƙwabta, ita ce ke cika bokiti mafi girma ta kai gidan Cerno da kanta.

Abin da ya fi yi mata ciwo ya zo ne Yande na da shekara goma. Ƙawayenta na boko suna shirin karɓar jibin Ubangiji karo na farko a coci, ana ta ɗinka musu fararen riguna da mayafi. Yande ta dawo gida ta ce ita ma tana so a rubuta sunanta. Ta ce ai ita 'yar gidan nan ce, me ya sa kowa zai tafi coci ranar Lahadi a bar ta da agwagi?

Odile ta ji kamar an miƙo mata abin da ta daɗe tana kwaɗayi, a kan faranti, ba tare da ta roƙa ba. Ta san in ta ce to, ba mai zarginta, yarinya ce ta nema da bakinta. Amma ta san kuma riga yarinyar ke so, da tafiya cikin layi da ƙawaye. Ta ce mata a'a. Ta ce in ta girma ta mallaki hankalinta, duk hanyar da ta ɗauka ba mai tare ta, amma yanzu tana kan abin da uwarta ta bar ta.

Yande ta fashe da kuka, ta ce, "Don ba ke kika haife ni ba shi ya sa. Da 'yarki ce ni da kin ɗinka min."

Odile ta ɗauki kwando ta tafi bayan gari, ko da yake ranar ba ta yi niyyar aiki ba, ta shiga rami ta yi kukanta inda ba mai gani. Blaise ne ya zauna da yarinyar ya ba ta labarin uwarta, yadda take dariya, da yadda ta taɓa jefa shi da kifi don ya taka mata shanya. Da ƙaramar salla ta zo, Odile ta kai farin yadi wajen tela aka yi wa Yande riga har ƙasa da mayafi mai ado a baki, ta raka ta har bakin filin idi, ta tsaya daga nesa tare da masu sayar da gyaɗa har aka sallame.

Yande na da shekara goma sha biyu Birame ya zo. Allah ya buɗa masa, ya yi shagon kayan gini a Kawlak, ya je Makka, ya tara gemu. Wani ne ya tsegunta masa cewa 'yar wansa na kwana ƙarƙashin gicciye. Bai sauka gidan Blaise ba, gidan Cerno ya nufa, aka aika aka kira Odile da yarinyar. Suka zauna a inuwar kuka bayan la'asar, ana dafa shayi.

Birame ya yi godiya a taƙaice, sannan ya ce ya zo ɗaukar jininsa. Ya ce bai zargi kowa ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma shi za a tambaya gobe kiyama. Cerno ya ce kafin a yi nisa, ya ji karatun yarinyar tukuna. Birame ya zaɓi wata sura mai tsawo. Yande ta fara a ɗarare don ba ta saba da shi ba. Ta yi nisa, sai ta tsallake aya ta faɗa ta gaba. Kafin Cerno ya buɗe baki, Odile, wadda ke zaune can gefe da gicciyenta a wuya, ta ce, "Koma, kin bar wani abu a baya." Yarinyar ta koma ta gyara, ta kai ƙarshe.

Birame ya dubi Odile, ya dubi Cerno. Cerno ya ce shekara shida ke nan haka suke, kuma a cikin ɗalibansa ba wanda ake tsare wa karatu a gida kamar wannan. Ya ƙara da cewa abin kunya ne a ce baiwarsa ta fi iyayen yara Musulmi ƙoƙari, amma gaskiya ce.

Duk da haka Birame bai janye ba. Ya ce ya gani, ya kuma yaba, amma haƙƙinsa ne. Odile ta ce ba ta musa ba. Ta ce ita riƙo aka ba ta, ba mallaka ba, kuma ba za ta shiga tsakanin yarinya da dangin ubanta ba. Abin da ba za ta yarda da shi ba shi ne a fizge ta rana ɗaya kamar an ƙwato ta daga hannun ɓarayi, ta tashi tana ganin gidan da ya raine ta gidan abokan gaba ne. Ta ce in haka ya zo yi, sai dai ya bi ta kanta.

Aka yi ta ja har shayi na uku. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Yande za ta gama firamare a Sambel, shekara mai zuwa ta koma Kawlak ta shiga sakandare a gidan baffanta, tunda dama babu sakandare a garin, duk hutu kuma ta dawo. Ranar tafiyar Odile ta cika mata buhu da busasshen kifi da gero, ta raka ta tasha, ta ja kunnenta a kan salla da karatu, ta juyo ba ta waiwaya ba. Gidan ya yi mata faɗi. Wata guda tana dafa abinci ya yi yawa.

Birame bai taɓa sakin jiki da ita sosai ba, har yau gaisuwarsu ba ta wuce ta mutunci. Amma tun daga shekarar, duk babbar salla sai ya aiko da cinyar rago a mota, da sunanta a rubuce a jikin ledar. Ernestine kuwa, da jikarta ta zo duniya, ita da kanta ta zo ta ce Odile za ta riƙe ta a baftisma. Ba ta ta da tsohuwar magana ba, Odile ma ba ta tayar ba.

Da Yande ta cika sha takwas, ta zo hutu, Odile ta zaunar da ita ta ce yau ta sauke abin da aka ɗora mata. Ta ce yanzu ita babba ce, ta san masallaci, ta kuma ga coci tun tana ƙarama, zaɓi nata ne. Yande ta ce ita Musulma ce, kuma a gidan nan ta koyi zama Musulma. Odile ta ce madalla. Ta faɗa wa Blaise daga baya cewa wani ɗan wuri a zuciyarta ya yi zafi, ba za ta yi ƙarya ba, amma ta yi barci ranar kamar wadda aka sauke wa dutse daga ka.

Yande ta yi karatun ungozoma, aka tura ta aiki Fatik. Da wani malamin makaranta mai suna Mbanyik Dione ya nemi aurenta, ya je wajen Birame, Birame ya ce ya fara zuwa Sambel, akwai waɗanda suka riga shi iko da ita. A masallacin Cerno aka ɗaura auren, Blaise na zaune a sahun dattawa cikin babbar rigar aro, shi aka fara miƙa wa goro.

Bara Yande ta haihu, aka aiko wa Odile ta zo zaman jego. Ta sauka Fatik da yamma ranar Alhamis, gwiwoyinta na ciwo, ta karɓi jaririyar ta duba ta ciki da bai, ta yi faɗan an sa mata kaya da yawa a wannan zafi. Da ta sha ruwa ta huta, ta tambayi Mbanyik ina coci yake a unguwar, kuma ƙarfe nawa ake shiga. Ya ce da ɗan nisa, amma ya riga ya tambaya mata, ƙarfe tara ne. Ranar Lahadi ya goge babur ɗinsa ya ɗauke ta, tana riƙe da rigarsa tana masa faɗan gudu tun daga ƙofar gida har suka isa.